Haɗa batura biyu a jere don ƙarin boltej: amsa ga ƙanena mai motar rimot

Wani matashi daga Rikkos, a nan Jos, ne ya aiko min da tambayar, ga ta a taƙaice: "Oga, barka da aiki. Ina da baturan LiPo guda uku na motar rimot, dukansu 3S. Biyu 2200mAh ne, ɗaya na yi wata takwas ina aiki da shi, ɗayan sabo ne dal. Na ukun 1500mAh ne. So nake in haɗa biyu su ba ni bolt 22 motar ta ƙara gudu. Wanne zan haɗa da wanne? Zan iya cajinsu a haɗe? Akwai kuma baturan diril guda biyu a gidanmu, ko su ma za su yi?"

Barka kadai, ƙanena. Ana haɗawa, mu ma a shago muna yi. Amma mai 1500 ɗin nan ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Biyun da suka rage sai an gwada su kafin a ce sun dace da juna. Caji kuma kowanne shi kaɗai. Baturan diril ka bar wa mai su. Abin da ya rage shi ne in gaya maka dalili, domin na san ku: idan ba a faɗa muku dalili ba, ana juya baya za ku gwada.

Abin da kake kira batir ɗaya ai ba ɗaya ba ne. Wannan 3S da aka rubuta a jikinsa yana nufin ƙwayoyi uku ne a ciki, an jera su ja (+) na wannan a baƙin (−) wancan. Kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.7 a matsakaici, idan ta cika maƙil ta kai 4.2. Uku ke nan 11.1, a cike 12.6. Idan ka ƙara wasu ukun a bayansu ka sami shida, wato 6S: 22.2 a matsakaici, 25.2 a cike. Ka riƙe wannan 25.2 ɗin, za mu dawo gare shi. Wannan shi ne haɗin jere, wanda mu a bakin aiki muke cewa siris. Boltej kaɗai yake ƙaruwa. Girman tankin yana nan yadda yake: 2200 da 2200 a jere 2200 ne, ba 4400 ba. Ƙarfin fitar da wuta, wannan C da ake rubutawa, shi ma bai ƙaru ba. Idan 25C ne, amfiya 55 ke nan a takarda, kuma ni ban taɓa yarda da duk abin da aka rubuta a takardar ba, rabi nake ɗauka in yi aiki da shi.

Ka taɓa tsayawa ka ga ana zuba dakin a gini? Leburori sun yi layi tun daga wurin kwaɓa kankare har sama, kwano yana bin hannu zuwa hannu. Duk kwanon da ya taso sai ya ratsa hannun kowa. Babu wanda zai ce shi ƙarami ne a rage masa. To haka wuta take a haɗin jere. Idan moto ya ja amfiya 20, kowace ƙwaya cikin shidan nan amfiya 20 ce take ratsa ta, da mai ƙarfi da mai rauni. Mai raunin ce za ta fara durƙushewa, kuma sauran biyar ba za su tsaya mata ba, ci gaba za su yi da tura mata kwano.

Bari mu yi lissafin da baturanka. A ce ka haɗa mai 2200 da mai 1500, motar tana jan amfiya 20. Ƙaramin zai ƙare cikin minti huɗu da rabi. A lokacin babban yana da sauran kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙwayoyinsa suna wajen 3.7, jimillarsa 11.1. Ƙaramin ya sauka zuwa 3.0 kowace ƙwaya, jimilla 9.0. Haɗa su: 20.1. Akwatin da ke sarrafa gudun moto, ESC, ba ya ganin ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, jimilla kawai yake gani. Idan an saita shi ya yanke a 3.2 kowace ƙwaya, to jira yake jimilla ta sauka zuwa 19.2. A wurinsa 20.1 lafiya lau ce. Kafin ya yanke, ƙwayoyin ƙaramin batirin sun gangara zuwa wajen 2.7, kuma a wannan gaɓar saukar ba a hankali take ba, kamar faɗowa daga kan dutsen Shere ce. Kai kana riƙe da rimot kana murna mota na gudu, batir yana mutuwa a cikinta.

Duk maganar da zan yi maka a nan take komawa: jimilla tana ƙarya. Ka ɗora mita a kan manyan wayoyi biyu ka ga 22, hankalinka ya kwanta, alhali wata ƙwaya tana 4.0 wata tana 2.9. Kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Ƙwayar da ta sauka ƙasa da 3.0 ta fara lalacewa. Idan ta yi ƙasa sosai, siririn fallen tagullar da ke cikinta yakan fara narkewa cikin ruwan batirin. Ranar da ka sake sa mata caji, tagullar nan ta sake daskarewa a inda bai kamata ba, ta zama kamar ƙananan tsinkaye, su huda shamakin da ya raba ɓangaren ja da na baƙi. Shamakin nan ya fi ledar burodi siranta. Da ya huje, ƙwayar ta yi shot a cikin cikinta, ta yi zafi, zafin ya haifar da wani zafin, ta kumbura ta fashe, ta kunna ta kusa da ita. Shi ya sa gobarar batir takan tashi a wurin caji, kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ɓarnar a fili. Mutum ya ce caja ce ta ƙona masa batir, alhali shi ya kashe shi tun shekaranjiya. Kuma kada ka ce ai ƙaramin abu ne. A 2016 kamfanin Samsung da kansa ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda batirinta na kamawa da wuta, a farkon 2013 kuma an dakatar da jiragen Boeing 787 daga tashi na tsawon watanni a kan matsalar batir irin wannan dangin. Masu injiniyoyi dubbai ke nan, balle mu da ke aiki a kan benci da ƙarfen narka dalma.

Yanzu ga biyun masu 2200. A takarda tagwaye ne, amma wata takwas ba kwana takwas ba ne. Batirin LiPo yana tsufa ta hanya biyu: tankinsa yana raguwa, kuma turjiyar cikinsa tana ƙaruwa, wato idan aka ja wuta da ƙarfi boltej ɗinsa ya fi saurin zubewa kuma ya fi yin zafi. Tsohon naka zai yiwu yanzu 1900 yake ɗauka ko ƙasa da haka, ya danganta da yadda ka riƙe shi. Idan kana barinsa a cike mako guda, ko kana gudu da shi har sai mota ta tsaya da kanta, to na san ya ji jiki. Sai ka ga ka koma matsalar ɗazu, da rubutu iri ɗaya a jikinsu.

Gwajin ba wuya, haƙuri kawai yake so. Ka fara dubansa da ido da hannu. Ka kwantar da shi a kan tebur: idan yana lilo, ko ka danna ka ji laushi kamar fanke, ya kumbura, magana ta ƙare. Idan yana nan a miƙe da tauri, ka yi wa kowanne caji shi kaɗai har ya cika, ka bar su su huta awa guda, sannan ka auna ƙwayoyin ɗaya-ɗaya ta ƙaramin farin filogin nan mai wayoyi huɗu. Duka shidan su kasance kusa da 4.2, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce 0.03. Bayan nan ka sa caja ta sauke kowanne zuwa boltej iri ɗaya, da amfiya iri ɗaya, ka rubuta mAh nawa ya fito. Ƙa'idata ni, idan bambancin ya wuce kashi biyar cikin ɗari ba na haɗawa. Idan cajarka ta zamani ce mai nuna turjiyar ciki, ka duba ita ma. Ba lambar ce abin dubawa ba sosai, kamanninsu ne. Idan ƙwayoyin sabon suna nuna 4, 5, 4, na tsohon suna nuna 9, 10, 16, to mai 16 ɗin nan ita ce leburar da za ta fara faɗuwa.

Idan sun ci gwajin, ka ɗaura musu aure. Ka sami tef ka rubuta "A ƙasa" a jikin ɗaya, "A sama" a jikin ɗayan. Daga ranar tare za su fita, tare za su dawo, rana ɗaya za a yi musu caji. Kada ka ara wa abokinka ɗaya ya je ya yi gudu sau goma ya dawo maka da shi. Idan ba su ci ba, ka sayo wa sabon ɗan'uwansa, kamfani ɗaya, girma ɗaya, C ɗaya, tsohon ya ci gaba da aiki shi kaɗai a matsayin 3S. Idan da hali ma, batir ɗaya da aka yi shi 6S tun daga masana'anta ya fi, domin can an riga an tace ƙwayoyin an haɗa masu kama da juna. Amfanin guda biyu shi ne sun fi sauƙin shiga lungun mota, kuma idan ɗaya ya mutu asarar rabi ce.

Ba sai na faɗa ba, amma zan faɗa: iri ɗaya ake haɗawa. LiPo yana cika a 4.2, LiHV a 4.35, LiFePO4 a 3.65, NiMH kuwa 1.2 ne kowace ƙwaya kuma cajinsa ma wata hanya ce daban. Kowanne da inda yake cika da inda yake ƙarewa.

Kafin ka taɓa waya ma, akwai tambayar da ba ka yi ba wadda ta fi duk waɗanda ka yi muhimmanci: motar za ta ɗauka? Juya ESC ɗinka ka karanta. Za ka ga 2-3S, ko 2-4S, ko 3-6S. Idan babu 6S a rubuce, kana sa filogi za ka ji "tas", ka ji ƙaurin da duk mai gyaran lantarki ya sani, shi ke nan an yi sallama. Ga inda 25.2 ɗin ɗazu ya dawo. Kafasitoci da yawa a cikin waɗannan akwatunan 16V ko 25V aka rubuta musu. Mutum ya ce ai 22 zan ba shi, 25 ta isa. Batirin da ya fito daga caji 25.2 yake, ya riga ya haura, ban da tsallen boltej da moto ke yi lokacin birki. Mai 6S kafasitar 35V yake so.

Sai moton kansa. Lambar KV da ke jikinsa tana gaya maka juyi nawa yake yi a minti a kan kowane bolt guda. Moto mai 3000KV a kan 11.1 yana neman juyi 33,300. Ka ba shi 22.2 ya nemi 66,600. Borisai ba za su ɗauka ba, maganaɗisu yana iya ɓallewa, haƙoran giya na roba su share, taya ta buɗe kamar faifai ta yage. Shi ya sa masu ƙananan jiragen tsere idan suka bar 4S suka koma 6S suke sauya moto daga wajen 2400KV zuwa wajen 1700 ko 1900. Ribar ƙarin boltej ta gaskiya ba ninkin gudu ba ce, sanyin aiki ne. Aikin wat 400 a kan 11.1 yana jan amfiya 36, a kan 22.2 amfiya 18. Wutar ta ragu rabi, zafin da waya da filogi ke yi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ga mai farfela abin ya fi tsanani, domin idan juyi ya ninka, ƙarfin da farfelar ke nema yakan kai wajen ninki takwas. Mu a Jos muna da wani ƙarin dalilin da ke jan masu jirgi zuwa boltej mai yawa: garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi, farfela sai ta ƙara juyi kafin ta ɗaga nauyin da za ta ɗaga a can. Amma kai mota gare ka, wannan bai shafe ka ba. Ka kuma duba ko servo mai juya sitiyari da risiba mai karɓar umarnin rimot suna samun wutarsu ta BEC, wato ɗan allon da ke rage musu boltej, wanda ke jure 6S.

Idan duk wannan ya yi daidai, sai wayar haɗi. Ana sayar da ita a haɗe, kuma kana iya yi da kanka. Filogi XT60 maza guda biyu na shiga baturan, mace ɗaya ta zuwa ESC. Baƙin batirin ƙasa ya tafi kai tsaye zuwa baƙin ESC. Jansa ya shiga baƙin batirin sama. Jan batirin sama ya tafi jan ESC. Shi ke nan. Waya mai kauri, lamba 12 ko 14 mai rigar silikon, ba wayar fanka ba, kuma a gajarce, domin doguwar waya tsakanin batir da ESC tana wahalar da kafasitoci. Ka haɗa ta babu batir ko ɗaya a kusa. Dalma ta narke ta shige cikin ramin filogin tana sheƙi, ba ta tsaya a dunƙule kamar kashin awaki ba. Abin kunya ne a garin kuza a ce mutum bai iya dalma ba. Ka rufe kowace gaɓa da robar nan mai tsukewa da zafi, salatif yana saki idan ya ji ɗumi. Ka gama, ka sa baturan, ka auna a bakin macen kafin ka kai ta ga mota. Wajen 25 za ka gani. Idan ka ga sifili ko kusa da shi, to ɗaya a juye yake, cire maza ka sake duba.

In ta kama sai ka sauya filogin jikin batir, waya ɗaya ake yankewa, a gama da ita a rufe, sannan a taɓa ta biyu. Kada ka sa filaya ka datse biyun lokaci guda. Ƙarfen filayar zai haɗa su, kuma ɗan batirin nan da bai fi sabulu ba yana iya sakin ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. Zoben azurfa da agogon ƙarfe a cire su a ajiye. Boltej 25 ba zai ja ka ba, ƙuna ce abin tsoro. Sai an kai wajen 50, kamar 12S, sannan jan ma yake fara zama abin kula. Tartsatsin da za ka gani lokacin sa filogi a 6S kafasitoci ne ke cika, ba lalacewa ba ce, amma yana cin bakin filogi a hankali. XT90-S yana da ɗan resisto a ciki da ke kashe shi.

Yanzu caji, inda na fi son ka nutsu. Idan ka sa su a haɗe ta manyan wayoyi kaɗai, caja za ta tura har jimilla ta kai 25.2 ta tsaya. Ba ruwanta da yadda aka raba. Ɗaya yana iya tsayawa a 12.0, ɗayan ya haura 13.2, wato 4.4 kowace ƙwaya. Ƙaryar jimilla ce dai ta ɗazu, ta dawo ta ƙofar sama, kuma ta nan ta fi saurin kawo gobara. Saboda haka ka raba su, kowanne ka saita caja a 3S, tsarin balans mai daidaita ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, amfiya 2.2, da farin filogin a soke. Awa ɗaya da 'yan mintoci kowanne. Caja irin iMAX B6 da yawancinku ke da ita wat 50 ce, ko ka haɗa su a 6S ba za ta wuce amfiya 2 ba, ka ga lokacin da za ka rage wajen awa guda ne kawai. Jabunta kuma sun cika kasuwa, don haka ko ta ce 4.20 ka sa mita ka tabbatar ko sau ɗaya ne.

Akwai wayar da ke mayar da fararen filogi biyu na 3S su zama ɗaya na 6S. Tana aiki, amma tana da tarko. Kowane 3S wayoyi huɗu gare shi, biyu takwas ke nan, 6S kuwa bakwai ne, domin ta ƙarshen batirin ƙasa da ta farkon batirin sama wuri ɗaya suke. Idan ka musanya, ka sa farin filogin na sama a gurbin na ƙasa alhali manyan wayoyi suna haɗe, ka yi shot ta siraran wayoyi.

Makamancin wannan ya faru a gabana. Wani yaron shagona, mai hankali ne kuwa, ya dawo daga gwada wata mota da baturansa biyu har yanzu a cikin wayar jere. Ya ɗauko allon nan na cajin batura da yawa gefe da gefe, ya soka farin filogin farko, lafiya. Ya ɗauko na biyu. Ina ɗaga kai daga inbatar da nake buɗewa na ga hannunsa, ban kai ga buɗe baki ba. Allon yana haɗa baƙin kowane batir da na ɗan'uwansa, shi kuwa baƙin na sama yana manne da jan na ƙasa ta wayar jere. Ƙara ɗaya aka ji, siririyar wayar ta yi ja kamar ta hita, robarta ta zube, layin tagullar kan allon ya tashi ya nannaɗe, farin hayaƙi ya cika benci. Allah ya taimake mu wayar ce ta tsinke kafin batirin ya yi zafi. Yaron ya tsira da ƙuna a babban yatsa, da alamar layi biyu da ya yi kusan wata yana nuna wa mutane. Tun ranar doka ce a shagon: ana sauke batura daga mota, wayar jere ake fara cirewa a rataye ta a ƙusa, nesa da wurin caji. Haka ma caja mai baki biyu, ko caja biyu da ke shan wuta daga tushe ɗaya, sau da yawa baƙinsu a haɗe yake ta ciki. Ka sa musu batura masu haɗe a jere, abin da ya sami yaron nan ne zai same ka.

Sai halinmu na nan. An ɗauke wuta tun la'asar, mutum ya jona komai ya kwanta, wai idan NEPA ta kawo cikin dare ya tashi ya tarar ya cika. Da waya ma ban so ba, balle LiPo. Ba a cajinsa sai kana wurin, idonka biyu. Cajar B6 tana karɓar bolt 11 zuwa 18, batirin mota ko na sola ya ishe ta da rana tsaka, ba sai ka jira kowa ba. A kan siminti ko tayil, ba kan katifa ko kafet ba, nesa da labule da galan ɗin man janareto. Ni a tukunyar ƙasa nake sa nawa, da murfin da ba ya rufewa ruf, bokitin yashi a gefe. Kada ka kulle shi a akwatin ƙarfe marar mafitar iska, idan ya fashe akwatin ne zai zama bam. In ya fara kumbura ko wari mai zaƙi-zaƙi, zare wuta, fitar da tukunyar waje. In ya kama, zuba yashi ka ja baya ta inda iska ke fitowa, hayaƙin guba ne, kuma ka jira, ƙwaya ta gaba takan tashi bayan ka zaci an gama.

A fili kuma, tunda ESC jimilla yake gani, ka sayi 'yar ƙararrawar nan da ake sokawa a farin filogi, guda biyu, kowane batir da tasa, ka saita 3.5. Kuɗinta bai kai na ƙwaya ɗaya ba. Tana kuka ka tsaya. Bayan mintoci ka auna: idan ƙwayoyin sun farfaɗo zuwa 3.7 ko sama ka tsaya a kan kari. Ka taɓa su da bayan hannu, wanda ya fi ɗan'uwansa zafi yana gaya maka auren ya fara tsami. Da hunturu, safiyar Disamba da Janairu irin tamu da haƙora ke kaɗawa, batir mai sanyi turjiyarsa tana hawa, boltej ya zube da wuri, ƙararrawa ta yi kuka alhali da sauran caji. Ka ɗauko su a aljihun cikin rigar sanyi, da bakin filogin a rufe, ba tare da makulli ko tsabar kuɗi ba. Kada kuma ka ce za ka gasa su a gaban gilashin mota. Idan za su kwana biyu ba aiki, ka mayar da su 3.8 kowace ƙwaya, akwai wannan tsarin a cajarka, kuma a cire su daga ESC domin yana tsotsa ko a kashe.

Baturan diril kuwa wata halitta ce. A ciki ƙwayoyi ne masu siffar batirin tocila, waɗanda ake kira 18650, guda biyar a jere, shi ne 18V ɗin, a cike 21. Wasu suna da allon kariya, BMS, mai yanke wuta idan an matsa. Matsalar ita ce lokacin da na ɗaya ya yanke a cikin jere, boltej ɗin duka layin yana iya faɗowa a kan ƙananan taranzistocinsa, waɗanda aka zaɓa don batir ɗaya. Idan suka ƙone sukan ƙone a haɗe, kariya ta tafi ba ka sani ba. Wasu kamfanonin kuma kariyar saukar caji a jikin injin suka sa ta, ba a batirin ba, ka cire shi daga diril ya zama tsirara. Gaskiya ne Makita tana da injuna masu cin batir biyu na 18V su ba da 36V, amma an ƙera injin ne don haka, yana lura da kowanne daban. Kuma biyu a cike 42 ne, ya wuce abin da kake nema nesa. Haka fawa-bank, 5V ɗin da yake bayarwa ta allon lantarki take fitowa, ba a jera shi. Ƙwayoyin tsofaffin laftof da ake tallarsu a wajen Taminus ma ka bar su ga tocila: ba a yi su don amfiya 20 ba, kuma kowace da tarihinta. Duk 18650 da ka ga an rubuta mata 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, na ƙwarai a wajen 3500 suke tsayawa.

Idan tsohon naka ya faɗi gwaji har ya kumbura, kada ka jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, kada kuma ka miƙa wa yaran jari-bola da caji a cikinsa, guduma za su sa masa. Jona masa ƙwan fitilar mota na 12V a waje a kan yashi, ka bar shi har ƙwan ya mutu, mita ta nuna sifili, sannan ka murɗe ja da baƙi wuri ɗaya.

Ka yi gwajin cikin makon nan ka turo min lambobin: boltej na ƙwayoyi shida bayan hutun awa guda, mAh da kowane batir ya fitar, da hoton rubutun jikin ESC da na moto. Idan kana da lokaci ranar Asabar ka zo da su shago bayan azahar, cajata tana auna turjiya, mu duba tare. Ka taho da mai 1500 ɗin ma, akwai ƙaramar motar da zai yi mata daidai shi kaɗai.